Awon Inna

Inna ba ta taɓa yarda da sikeli ba. A ganinta kayan 'yan kasuwa ne, na auna masara da waken suya, kuma duk abin da aka ɗora a kansa to an yi niyyar rabuwa da shi. Idan tana son sanin halin da 'yarta take ciki, sai ta kama damtsenta na hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta zagaye shi da babban yatsa da na tsakiya, sannan ta dubi tazarar da ta rage tsakanin yatsun biyu. In tazarar ta yi faɗi, ta saki hannun ta ce alhamdu lillahi. In ta tsuke, ba ta cewa komai, sai dai a ji ta a madafa tana motsa tukwane. Da wannan awon ta raini 'ya'ya mata huɗu a Tabanni, kuma ta ci gaba da yi mana shi bayan kowaccenmu ta tafi ɗakinta.

Haihuwata ta fari ta zo da kakar 2018. Bisa al'ada, tun cikin yana wata bakwai aka mayar da ni gida goyon ciki, na bar ɗakina da 'yan aji uku da nake koyarwa a firamare. A lokacin ma dajin Birnin Gwari ya riga ya yi suna, ana jin labarin tare hanya da korar shanu, amma gonakinmu na gabas suna bayarwa, kuma rumbun Baba bai san ƙasa ba. Saboda haka jegon da aka yi mini cikakke ne, irin wanda tsofaffi ke kafa misali da shi.

Tun kafin kiran assalatu Goggo take hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunya. Idan ruwan ya tafasa sai ta tsoma damin ganyen darbejiya, ta riƙa fyaɗa mini a baya da ciki da cinyoyi, ina cije leɓe, tana cewa in daure, wadda ba ta gasu ba ita ce ke tsufa da ciwon baya. Da la'asar a maimaita. Tsakanin wanka da wanka kuwa aikina ci ne kawai. Kunun kanwa mai zafi a ƙwarya, gasasshen nama da yajin jego, tuwon dawa da miyar kuka wadda man shanu ke yawo a kanta, sai kaurin da aka dafa don suna wanda muka yi kwanaki muna ɗumamawa. Ba a bari in ɗauki tsintsiya. In na ce na ƙoshi, Inna ta ce ba ni nake ci ba, yaro ne yake ci ta bakina.

Ranar da na cika arba'in ta kama damtsena, tazarar ta kai faɗin tafin hannu. Ta yi murmushin da ban saba gani a fuskarta ba. A wurinmu ƙibar maijego shaida ce da ake karantawa a bainar jama'a. Tana faɗar cewa miji ya yi hidima, uwa ta yi tsaye, gida kuma yana da hatsi. Duk gidan da na shiga yawon arba'in sai mata su ce, "Masha Allah, jego ya karɓe ki," su juya su yi wa Inna barka, kamar manomin da gonarsa ta yi kyau. Maijegon da ta fito da ƙashin wuya a waje kuwa, ita da danginta da na mijinta duk sun shiga bakin duniya.

Ni kaɗai ce ban yi murna ba. Na yi karatun koyarwa a Zariya, kuma na dawo da abubuwa biyu da Inna ba ta da su: madubi mai tsawo da wayar hannu mai shiga intanet. A ɗakin shan magani na hau sikeli, allura ta tsaya a kilo 67, alhali da 54 na je awon cikin farko. Rigunan lefena suka ƙi wuce ƙirji. Ciki ya zauna a gabana kamar ba a sauke abin da ke cikinsa ba. A zauren WhatsApp na 'yan ajinmu kuwa kullum sai an saka hoton wata da ta haihu wata biyu da suka wuce amma ta koma kamar budurwa, ana ta yabo. Ba wadda ta taɓa ce mini komai, Malam ma bai ce ba. Amma mace ba ta jiran a faɗa mata kafin ta fara lissafin yadda za a kwatanta ta da wadda ba a riga an auro ba.

Wata ƙawata ta aiko mini da saƙo ta hannun direban motar Funtuwa: ɗamarar roba mai ƙugiyoyi ta matse ciki, da kwalin shayin rage ƙiba mai hoton wata siririyar mata. Kuɗinsu ya cinye kusan rabin albashina. Na riƙa shan shayin a ɓoye da dare, na daina cin tuwon dare, da safe in kurɓi ruwan zafi in tafi makaranta da yaro a baya. Cikin mako biyu na sauke kilo uku, na kuma san hanyar bayan gida fiye da yadda na san hanyar aji. Wata rana ina rubutu a allo sai na ga allon yana tafiya gefe, na dafa tebur na zauna a ƙasa a gaban yara. Da yamma Inna ta zo duba ni, ta ga kwalin a bayan kwalla. Ta yage leda ɗaya, ta zuba a tafin hannu, ta shinshina.

"Ke 'yar nan, nawa kika sayi wannan?"

Na faɗa mata. Ta daɗe tana kallona.

"Filasko ne fa. Ga shi can bayan gari awaki ma ba su kula shi. Da kin ce mini zawo kike so, da na tsinko miki kyauta."

Na ji kunya, amma ban ji na yi laifi ba, kuma har yau ban ga laifin macen da take son ta gane jikinta idan ta dubi madubi ba. Abin da na jahilta shi ne me jikin yake yi da wannan kitsen. Daga baya na karanta cewa mace takan sauke kimanin kilo biyar zuwa shida a ranar haihuwa, wato nauyin jariri da mabiyiya da ruwa. Sauran, musamman wanda ya taru a cinyoyi da ƙugu, guzuri ne da jiki ya ajiye tun cikin yana ƙarami domin shayarwa. Mai shayar da nono zalla tana fitar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita a kowace rana, kuma haɗa wannan nonon yana cin kuzarin da ya kai kalori 500, kamar ƙarin kwano guda na abinci. Shi ya sa masana ke cewa in ma za a rage, kada ya wuce kimanin rabin kilo a mako, kuma a bari sai nono ya zauna sosai. Maganin zawo kuwa ruwan jiki yake kwashewa ya bar kitsen inda yake. Na jefar da shayin, na koma cin tuwona, na ci gaba da tafiya makaranta a ƙasa. Kafin in yaye yaron a wata na ashirin da biyu, rigunan lefe sun karɓe ni ba tare da na roƙe su ba.

Da a nan labarin ya ƙare, da ban ɗauki alƙalami ba.

Na haifi ta biyu a farkon watan Oktoba na 2021. Wanda ya zauna a ƙasar Birnin Gwari a wannan shekarar ba ya bukatar a tuna masa. Damina biyu ke nan Malam bai taka gonarmu ta bakin daji ba, wadda ita ce ke cika rumbu. Masu ƙarfin hali da suka yi noma sai da suka biya mutanen daji kafin su shuka, suka sake biya kafin su girbe, wasu kuma sun biya amma ba su girbe ba. Mu muka tsaya a 'yar gonar bayan gida. Ana cikin haka, a ƙoƙarin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da abinci da labari, aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana hawa babur, sannan a ƙarshen Satumba aka katse layukan waya. Gari ya yi tsit irin na gidan da aka yi rasuwa aka watse. Albashina yana can cikin banki, ni ina nan, babu hanyar da za mu sadu.

An yi suna da ɗan akuya, aka raba shi gida-gida har ba a san inda ya shiga ba. Kauri kuwa ba a ma ambace shi ba. Itacen wanka ya zama abin lissafi, domin shiga daji neman ice ya zama sayar da rai, sai Goggo ta mayar da wankan sau ɗaya a rana, daga baya ta koma ƙona karan dawa. Kunun ya tsinke har ana ganin ƙasan ƙwarya. Abin da ya wadata shi ne ganye. Da safe kwaɗon rama, da rana tafasa, da dare ɗan tuwo da miyar karkashi. Goggo, wadda ba ta rasa abin dariya ko a gidan makoki, ta ce, "Muna cin rama, rama tana cinmu." Muka yi dariya har da hawaye.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai a wannan takarda. A makonnin farko, da na ga zanina yana ƙara zagaye ni, cikina ya koma ya lafe tun kafin arba'in, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Na tsaya gaban madubin nan na Zariya na juya hagu na juya dama. Abin da na biya rabin albashi ban samu ba, ga shi ya zo har ɗaki kyauta. A waje ana lissafin tiyar da ta rage a buhu, ni ina ciki ina sha'awar ƙuguna. Ban san sunan da zan ba wannan ba. Na dai san cewa hotunan da na kalla a waya shekara uku da suka wuce ba su fita daga kaina ba, ko da aka katse layin da ya kawo su.

Jin daɗin bai daɗe ba. Awarwaron da nake sa wa sabulu kafin ya fita ya fara zamewa da kansa idan na sunkuya. Gashina ya riƙa bin mataji. In na tashi daga shayarwa sai duhu ya rufe mini ido, in dafa bango in jira. Da dare, yarinya tana tsotso, nakan ji kamar ana zare wani abu daga cikin ƙashina. Abincina kuma na riƙa rage shi ina tura wa yayanta, saboda shi yana da bakin da zai ce bai ƙoshi ba.

A layinmu akwai wata amarya da ta haihu kwana tara bayana, haihuwar fari. Ita jego ya karɓe ta, in ji mata. Fuskarta ta cika, ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul, har ana yi wa uwarta barka ana mamakin inda suka samo abinci a wannan shekara. Inna ce ta shiga gaishe su, ta dawo fuska a ɗaure. Ta ce ta danna ƙafar yarinyar da yatsa, ramin ya zauna bai tashi ba, kuma yarinyar ba ta iya kwanciya sai a jingine saboda numfashi. Ta ce wannan kumburi ne, a nemi asibiti. Sai da aka ƙara kwana huɗu ana shawarar hanya, sannan aka ɗora ta a amalanken shanu zuwa inda za a sami mota. Ta yi wata guda a asibitin Shika, ta dawo da rai, da jakar magunguna, da gargaɗin kada ta sake ɗaukar ciki nan kusa. Zuciyarta ce ta gaza.

Da waya ta dawo na nemi sanin ciwon. Ashe ƙasarmu ta daɗe da yin suna a kansa a littattafan likitanci na duniya. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazarin matan da ake kawowa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da gazawar zuciya bayan haihuwa, suka danganta yawansa da gishirin da ke cikin kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Shekaru da dama bayan haka, binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya karkata ga wasu dalilan: rama, rashin karatu, rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. Ni ba likita ba ce da zan raba wannan gardama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar rama da na gani a jerin. Na ajiye wayar na dubi hannuwana.

A watan Janairu na 2022 na kai yarinya rigakafi. Aka rataye ta a sikelin jarirai, ma'aikaciyar lafiyar ta duba kati ta ce nauyinta yana kan hanya, ba ta da matsala. Har na miƙe zan goya ta sai ta ce, "Malama, dakata. Miƙo hannunki na hagu." Ta ɗauko wani siririn tef mai lambobi, ta auna daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu ta nemi tsakiya, ta zagaye. Daidai inda Inna take kamawa. Dariya ta kusa kuɓuce mini. Ta ce santimita 21 da rabi, kuma mai ciki ko mai shayarwa da ta gaza 23 abin a sa mata ido ce. Sikeli ya ce kilo 46. Ta ja fatar idona ta ƙasa ta duba, ta ce jinina ma ya yi ƙasa.

Na tambaye ta abin da ya kwana yana cina: ko in fara ba yarinyar koko, ko in nemi madarar gwangwani, tunda ni ba ni da abin ba ta. Ta girgiza kai. Ta ce jikin uwa yakan fifita jariri a kan kansa, ya ci gaba da haɗa nono daga tsokarta da kitsenta ko da abincinta ya ragu, shi ya sa yarinyar take cike ni nake ƙarewa. Ta ce a garin da ruwan sha na rijiya ne, kuma gwangwani ɗaya ya fi ƙarfin aljihu, cire jaririya 'yar wata uku daga nono buɗe wa gudawa da tamowa ƙofa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara biyu, wanda ya yi daidai da shekara biyun da muka taso muna ji a makarantar allo. "Kuɗin madarar," in ji ta, "ki saya wa kanki gyaɗa da wake. Ke za a ciyar, ke kuma ki ciyar da ita." Ta ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, ta koya mini haɗin garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa, a soya kowanne sama-sama a niƙa tare.

Da na koma gida ban iya faɗa wa Malam da baki ba, sai na ajiye masa katin da ta rubuta lambobin a kan buzunsa. Bayan isha'i ya shigo ya zauna a bakin gado, ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Ashe haka abin ya kai, kika yi shiru?" Na ce ai kowa yana gani. Ya ce shi kullum yake ganina, shi ya sa bai gani ba. Washegari ya sayar da kekensa.

Inna kuwa ba ta bukaci kati ba. Ashe tun ranar arba'in da ta kama damtsena ta ga tazarar ba ta fi yatsu biyu ba, ta fara ɓoye ƙwan zabinta guda biyu tana hana kowa. Yanzu sai ta fito fili. Kullum da hantsi ta aiko ƙanwata da dafaffen ƙwai ɗaya a ƙulle a gefen gyale, da umarnin a tsaya a kaina sai na haɗiye, kada in ba yaro. Ta tsinko zogalen bayan ɗakinta ta shanya a inuwa, ta daka ta cika mini gwangwani. Ta sa aka riƙa yi mini awara duk ranar da aka sami wake. Na kan yi tunanin a wannan shekarar ita me take ci, domin ban taɓa kama nata damtsen ba. Ba a yi mana tarbiyyar auna iyaye ba.

Jikin da ya zube cikin wata uku sai da ya ɗauki fiye da shekara kafin ya dawo. Na yaye yarinyar tana da wata ashirin, tana gudu, ni ina kilo 52.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi zaman sulhu, aka buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe. Mutane suka fara komawa gonakin nesa da ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Malam ya share rabin gonar bakin daji, ya ce a ga yadda damina za ta kasance tukuna.

A cikin wannan daminar ce ƙanwata, wadda take kawo mini ƙwai, ta zo gida goyon ciki daga Kaduna. Ta haifi namiji. Ana sauran kwana shida ta yi arba'in na same ta a ɗakin Inna, yaro yana barci, ita tana ta shafa waya. Ta juyo mini da fuskar wayar, ga hoton ɗamara da kwalin shayi.

"Yaya, don Allah dubi cikina. Wannan yana aiki kuwa?"

Na zauna kusa da ita. Na yi niyyar in ba ta labarin allon da ya yi tafiya gefe, da tef mai lambobi, da amaryar layinmu, sai na ga duk ta san su, tana nan aka yi. Na ce mata ta bari yaro ya yi wata shida, ta ci abincinta, ta rage sukari da lemon kwalba, ta riƙa tafiya a ƙasa, in ta ga kumburi a ƙafa ko numfashi ya yi mata wuya kada ta kwana a gida. Na ce ɗamara kuma ina da ita a ƙasan akwati, ƙugiya ɗaya ce kawai ta karye, in tana so ta ɗauka, amma shayin kada ta saya, akwai shi a bayan gari.

Ba ta gamsu ba, na gani a idonta. Ta buɗe baki za ta sake magana sai ga Inna ta shigo da ƙwaryar kunu tana tururi. Ta ajiye a gabanta, ta kama damtsenta ta duba, ta ce alhamdu lillahi. Har ta juya za ta fita sai ta dawo, ta kama nawa. Ta ɗan jima tana kallon yatsunta, sannan ta leƙa tsakar gida ta ce wa Goggo a ƙaro ludayi.